Koroso da Kalangu: Saɓanin Makaɗan Ƙasar Gwarzo a Kan Kiɗan Rawa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba saɓanin ra'ayi tsakanin makaɗan gargajiya na yammacin Kano, musamman Gwarzo da Kabo, a kan kiɗan Koroso. Ta nuna cewa tushen saɓanin shi ne tambayar wa ake yi wa kiɗa: mutum guda da makaɗi ya san asalinsa, ko taron 'yan kallo.

Kiɗan da ya san mai rawa

Gwarzo tana kan iyakar Kano da Katsina, kuma kunnen mutanenta ya saba da kiɗan ɓangarorin biyu. Musawa, garin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba ta da nisa sosai daga nan, haka ma Funtuwa, inda Barmani Choge ta raya kiɗan amada har zuwa rasuwarta a 2013. A garuruwa irin su Getso da Kutama da Garo, kamar sauran karkarar Kano, kiɗa yana bin sana'a da lokaci: gangar noma a wurin gayya da damina, kalangu a fagen dambe da dandalin 'yan mata idan kaka ta yi.

Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka daidai da karin harshen Hausa, har mai sauraro ya tsinci kalmomi a ciki. Da haka ake kaɗa take. Ɗan dambe yana jin takensa tun daga nesa, tsikar jikinsa ta tashi. Budurwa ta shiga fage, makaɗi ya sauya hannu domin ita kaɗai, ya ambato gidansu, saurayinta ya fito ya yi kari. David Ames da Anthony King, a littafinsu na 1971 kan kiɗan Hausa, sun jera kayan kiɗa tare da sana'o'i da bukukuwan da kowanne ke yi wa hidima, kuma nazarce-nazarcen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rarraba makaɗa bisa waɗanda suke yi wa kiɗa: na fada, na sana'a, na jama'a.

Koroso ba ya zama daidai a ko ɗaya daga cikin waɗannan rukunai.

Gargajiyar da aka tsara

An tsara Koroso a birnin Kano a shekarun 1970, zamanin da jihohi ke kafa ƙungiyoyin rawa domin bukukuwan al'adu na ƙasa, waɗanda suka kai ƙololuwa a FESTAC na 1977. Daga baya ya zauna a ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa. An ɗauko sarewar Fulani makiyaya, aka haɗa ta da lalajo da ganguna, aka tattaro taku daga raye-rayen Hausawa da na Fulani. Maza da mata suna fitowa bibbiyu cikin kaya iri ɗaya, da abin kacau-kacau a ƙafa, ana tsalle ana lanƙwasa jiki.

Nan ne ra'ayi ya rabu. Makaɗin kalangu da ya gaji kiɗa yana auna gwaninta da sanin mutane. A ma'auninsa, kiɗan da za a kaɗa iri ɗaya a Kabo da Legas, a gaban hakimi da baƙon Turawa, bai san kowa ba, kuma rawar da aka haddace takunta ta hana mai rawa yi wa makaɗi gardama da ƙafarsa. Akwai kuma batun abinci, wanda bai kamata mai nazari ya kau da kai daga gare shi ba: mai kalangu yana ci daga karin da ake yi masa a fage, ƙungiyar rawa kuwa jinga ake yi da ita tun kafin ranar biki.

Masu sarewa da matasan makaɗa suna da tasu hujjar, kuma tana da ƙarfi. Babu kayan kiɗa ko ɗaya a cikin Koroso da aka aro daga waje. Haɗa sarewa da ganga ya dace da ƙasar da Hausawa manoma da Fulani makiyaya suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Sannan ɗalibi a makarantar sakandare yana iya koyon Koroso ko da ba ɗan gidan makaɗa ba ne, abin da al'adar gado ba ta cika bari ba.

Da fiyano ya shigo

Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa finafinan Hausa na farkon shekarun 1990 sun dogara da makaɗan Koroso wajen kiɗan da ke rakiyar fim. Kafin ƙarshen shekarun, fiyanon Yamaha ya karɓe aikin, kuma nasarar fim ɗin Sangaya ta tabbatar wa masu shirya fim cewa mutum ɗaya a situdiyo zai iya kwaikwayon sarewa da ganga. Yau a bukukuwan aure da dama, mai lasifika ake kira. Koroso, wanda tsofaffin makaɗa suka ɗauka baƙo, shi ne yanzu ake fitowa da shi idan ana son nuna gargajiya.

Wannan maƙala tana ganin Koroso halattaccen kiɗan Hausa ne, amma ƙorafin masu kalangu gaskiya ne, domin take shi ne abin da ke cikin haɗarin ɓacewa, kuma ƙungiyar rawa ba ta adana shi. Ya kamata sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi su tura ɗalibai Gwarzo da Kabo su naɗi taken 'yan dambe da manoma da mahauta, tare da fassararsa daga bakin makaɗan da ke kaɗa shi.