Takardun Kotun Gunduma a Amurka da Neman Sunayen Bayi

A ƙasar Amurka akwai gundumomi fiye da 3,000, kuma kusan kowace tana da ginin kotu a babban garinta. Baya ga zauren da alƙali yake zama, a cikin ginin akwai ofishin magatakarda, inda ake ajiye manyan littattafai na cinikin filaye da wasiyyoyi da rabon gado da ɗaurin aure da bayanan shari'u. Duk wanda ya ga dama yana iya shiga ya nemi a buɗe masa, ba tare da an tambaye shi dangantakarsa da masu maganar ba. A wannan maƙala za mu duba asalin wannan al'ada, sa'an nan mu ga yadda takardun da aka rubuta domin tsare dukiyar masu hali suka zama abin dogaron zuriyar waɗanda a da aka lissafa su cikin dukiyar.

Tushen abin yana komawa zamanin da Turawan Ingila suke mulkin gabashin ƙasar. A shekarar 1634 aka raba yankin Virginia gida takwas, kowane da kotunsa da magatakardansa. A 1640 kuma hukumar Massachusetts ta kafa dokar rubuta cinikin fili a wurin hukuma. Dalilin a fili yake. Ƙasa ce da ake ta rabon filaye ga baƙin da ba su san juna ba, babu dattijon da zai tashi ya ce ga iyakar gonar wane tun zamanin kakanni. Mai son saye yana bukatar ya tabbata ba a riga an sayar wa wani ba, mai ba da rance kuma yana son ya san ko an jinginar da gonar. Littafin da aka kulle ba zai biya wannan bukata ba, don haka aka bar shi a buɗe. Ke nan ciniki ne ya fara buɗe ƙofar, maganar haƙƙin jama'a na sa ido a kan alƙalai daga baya ta yi ƙarfi.

Hasali ma sai a 1978 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta bayyana a sarari cewa jama'a suna da haƙƙin dubawa da kwafar takardun kotu. Abin mamaki shi ne, a cikin wannan shari'a ɗin ce ta hana gidajen talabijin kwafar faya-fayen muryar tsohon shugaba Nixon, tana cewa haƙƙin yana da iyaka. Har yau akan rufe takardun shari'ar yara da na ɗaukar riƙo, alƙali kuma yana iya rufe wasu in ya ga dalili. Sauran kuwa, mai nema zai fara da fihirisa, wadda aka jera da sunan mai sayarwa a littafi guda, da sunan mai saye a wani. Daga nan zai sami lambar littafi da shafi, ya karanta kyauta, ya biya 'yan kuɗi idan yana son kwafi mai hatimi.

To, a nan ne matsalar take ga baƙar fatar Amurka. Fihirisar ta san mai saye da mai sayarwa, amma ba ta san wanda aka sayar ba. Ƙidayar jama'a ma ba ta taimaka ba: a 1850 da 1860 an rubuta bayi ƙarƙashin sunan ubangijinsu, da shekaru da jinsi da launin fata kurum. Sai a 1870, bayan an soke bauta a 1865, aka fara rubuta yawancinsu da sunayensu. Wanda yake neman kakansa kafin wannan shekara dole ya fara gano sunan wanda ya mallake shi, sa'an nan ya nemi lissafin tarikar mutumin. A can, tsakanin dawaki da tukwane da gadaje, zai ga an rubuta sunan mace da na ɗanta da kuɗin da aka ƙiyasta musu. Masu ƙiyasin ba don tarihi suka rubuta ba, don kada magada su cuci juna ne. Amma da yake kuɗi ne a tsakani, sun kiyaye sosai, kuma wannan kiyayewar ita ce ta tsirar da sunayen.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Abdurrahman ɗan Almami Ibrahim Sori na Futa Jallo, a ƙasar Gini ta yanzu. Bafulatani ne mai ilimin Arabiyya, an kama shi a yaƙi a 1788 yana da kimanin shekara 26, aka sayar da shi a bakin kogin Gambiya. Jirgin ruwa ya kai shi tsibirin Dominika, daga can aka wuce da shi New Orleans, sa'an nan Natchez, a bakin kogin Mississippi. A lokacin garin yana hannun Sifaniyawa, waɗanda suke da tsananin son rubuta kowane ciniki a gaban jami'i. A watan Agusta na wannan shekara aka rubuta cewa wani manomi mai suna Thomas Foster ya saye shi tare da wani mai suna Samba. Da Sifaniyawa suka bar garin a 1798, takardun suka zauna, suka koma hannun magatakardan gundumar Adams.

Shekara 40 ya yi yana bauta a gonar Foster. Wani likita Bature da ya taɓa sauka a gidan mahaifinsa a Timbo ya gane shi a 1807, ya yi iya ƙoƙarinsa ya fanshe shi, Foster ya ƙi. Daga bisani wata wasiƙa da ya rubuta da Larabci ta isa ƙasar Maroko, gwamnatin Amurka ta ɗauka shi Bamaroke ne, sakataren harkokin waje Henry Clay ya sa baki, aka sake shi a 1828 bisa sharaɗin ya bar ƙasar. Mutanen gari suka haɗa dala 200 aka fanshi matarsa Isabella. Ya zagaya biranen arewacin ƙasar yana neman kuɗin fansar 'ya'yansa, abin da ya samu bai isa ba. Ya sauka Laberiya a 1829, ya rasu a can cikin watan Yuli, bai sake ganin Futa ba. Wasu daga cikin 'ya'yansa da jikokinsa sun bi bayansa a 1830. Sauran kuwa, da Foster ya mutu, suna cikin abin da magada suka raba.

Bayan haka labarin ya kwanta. Sai a 1968 wani ɗalibin tarihi mai suna Terry Alford ya ci karo da zancen a cikin littattafan kotun gundumar Adams, ya bi sawu shekara da shekaru, har ya fitar da littafinsa a 1977. Bai nemi iznin kowa ba, domin doka ba ta bukaci haka ba. Sai dai ya kamata mu lura da lokacin. A jihar Mississippi, wani magatakarda a cikin irin wannan gini shi ne mai rajistar masu zaɓe, kuma har zuwa dokar zaɓe ta 1965 a nan ake korar baƙar fata da jarrabawar karatu ta ƙeta. Ƙofar da doka ta ce a buɗe take, ba kowa ne yake iya ratsa ta hankali kwance ba. Da wuya jikan Abdurrahman ya sami tarbar da ɗalibin nan ya samu.

Ba ko'ina bayi suka bayyana a matsayin kaya ba. A kotun St. Louis ta jihar Missouri an sami ƙararraki wajen 300 waɗanda bayi suka shigar da kansu tsakanin 1814 da 1860 suna neman 'yanci, galibi bisa hujjar an taɓa zaunar da su a yankin da ya haramta bauta. A cikinsu akwai ta Dred Scott da matarsa Harriet ta 1846, wadda ta kai Kotun Ƙoli a 1857 aka yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Sauran ƙararrakin sun daɗe a naɗe cikin akwatuna kafin a tsabtace su a jera su a zamaninmu. A cikinsu ne ake jin muryar mai ƙara da ta shaidu, ko da yake ta bakin alƙalamin lauya.

Babban abokin gabar wannan rumbu shi ne wuta. Lokacin yaƙin basasa, wasu gundumomin Virginia sun kwashe littattafansu zuwa Richmond domin su tsira, sai birnin ya kama da gobara ranar 3 ga Afrilu, 1865, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Gundumomi irin su Hanover da Gloucester sun yi asarar mafi yawan tarihinsu na farko. Wannan ya sa aikin ɗaukar hoton takardu a ƙaramin fim, wanda ƙungiyar binciken nasaba ta Utah ta fara a 1938, ya zama mai muhimmanci. Yanzu da yawa daga hotunan suna intanet, amma takardun da ba a ɗinke su cikin littafi ba, waɗanda sau da yawa su ne masu zaƙin labari, har yanzu akan tafi can ne a nema.

Mu ma ba baƙi ba ne ga irin wannan taska. A farkon mulkin Turawa, bayi da yawa a ƙasar Hausa sun sami 'yanci ta hanyar murgu da fansa a gaban alƙalai, aka rubuta a rajista. Allan Christelow ya fassara wani ɓangare na hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, ya buga a 1994, kuma a ciki ana ganin talakawa da mata da bayi suna kawo kukansu. Bambancin shi ne, abin da ya tsira daga irin waɗannan rajistoci an fi samunsa a gidajen adana tarihi na Kaduna da Kano, inda masu bincike suke zuwa, ba a kotun garin da aka yi shari'ar ba, inda jikan mai ƙara zai iya leƙawa ranar kasuwa ya ce a duba masa.