Ekklesiyar Bimbia da Kaburburan Waɗanda Suka Kafa Ta

Bimbia wani ƙauye ne a bakin teku cikin ƙasar Kamaru, kusa da garin Limbe. A zamanin dā kasuwar bayi ce. Daga nan akan loda mutane cikin jiragen ruwa a haye teku da su, ba su kuwa komowa.

Amma a 1844 wani jikan bayi ya komo. Sunansa Joseph Merrick, ɗan Baptis daga tsibirin Jamaika, inda aka 'yanta bayi sarai a 1838. Ya roƙi izni wurin sarkin Bimbia mai suna William, ya kafa wurin sujada da makaranta. Ya koyi harshen Isubu, ya kafa injin buga littafi, ya kuma juya Bishara ta Matta da Littafin Farawa cikin harshen. Wannan yana cikin ayyukan bishara na fari a ƙasar Kamaru.

Aikin ya ci rayuka. Zazzaɓin bakin teku bai bar baƙo ba, fari ko baƙi. Alexander Fuller, wanda aka haifa cikin bauta a Jamaika, ya zo domin ya yi aiki da hannunsa, ya rasu a 1847. Merrick kansa ya kamu da ciwo, aka sa shi a jirgi zuwa Ingila neman magani. Ya rasu a hanya a 1849, ruwan da ya cinye bayi masu yawa ya zama kabarinsa. Wanda ya kafa ekklesiyar ba shi da kushewa a cikinta.

Ɗan Fuller, wato Joseph Jackson Fuller, bai gudu ba. Ya ɗauki aikin, aka naɗa shi fasto, ya yi hidima fiye da shekara 40. Yana tare da Alfred Saker sa'ad da aka kafa Biktoriya, wato Limbe ta yau, a 1858, bayan mutanen Spain sun hana Baptis yin sujada a tsibirin Fernando Po. Jamus ta karɓi Kamaru a 1884, Baptis na Ingila kuwa suka miƙa tashoshinsu ga Mishan na Basel a 1886. Fuller ya rasu a Landan a 1908, can aka binne shi.

Saboda haka mai neman makabartar Bimbia ba zai same ta wuri ɗaya ba. Uba ya kwanta a Afirka, ɗa a Ingila, malaminsu a ƙarƙashin teku. Abin da ya tara su shi ne masu bi na ƙasar, waɗanda suka riƙe sujada bayan baƙi sun tafi.

Ekklesiyai da yawa a ƙauyuka suna da kaburbura a bayan ɗakin sujada, ciyawa ta rufe su, ba suna a kansu. Ya kamata dattawa su nuna wa yara ko wane ne ke kwance a can, a rubuta sunayen tun masu sani suna da rai.