Gasannin Shiyya da Kofin Zakarun CONCACAF

A cikin shekarar 1961 aka kafa CONCACAF, watau hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta Arewa da ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan. Da shekara ta kewayo sai ta buɗe gasar Kofin Zakaru, kulob ɗin Guadalajara na Meksiko ya fara ɗauka a 1962. Amma yankin nan faɗi gare shi, ga teku a tsakani, kulob-kulob kuwa galibinsu ba su da kuɗin jirgi. Saboda haka aka riƙa raba gasar shiyya-shiyya, kowa ya fara gwada ƙarfi da maƙwabtansa, sa'an nan zakarun shiyyoyi su gamu.

Wannan tsari ya yi wa mutanen Karebiyan rana ƙwarai, domin wanda ya fi ƙarfi a shiyyarsu yakan tarar da kansa dab da kofi. Racing na Haiti ya ɗauka a 1963, Transvaal na Surinam a 1973 da 1981, Violette na Haiti a 1984, Defence Force na Tirinidad da Tobago kuma a 1985. Sai dai ba dukan nasarorin nan aka samu a fili ba. Na 1963 da na 1973 janyewar abokan karawa ce ta kawo su, na 1984 kuwa an kori kulob biyu ne don sun kasa daidaitawa a kan ranar wasa. Defence Force kam da ƙafarsa ya ci, ya ka da Olimpia na Honduras a wasan ƙarshe.

A 1997 aka sake lale. Shiyyar Karebiyan ta sami gasa tata ta kanta, wadda United Petrotrin na Tirinidad ya fara ci, Amurka ta Tsakiya ma ta bi da kofin UNCAF daga 1999 zuwa 2007. Ko wace shiyya ta sami kofin da za ta yi alfahari da shi, amma fa zakaranta ya koma ɗaya daga cikin takwas, tilas ya gamu da manyan Meksiko tun kafin a je ko'ina. Wanda ya auna abin da aka samu da abin da aka rasa zai ga cinikin bai yi wa ƙanana daɗi ba. Tun daga 1985 kofin nahiyar bai sake komawa Karebiyan ba. Saprissa na Kosta Rika ya ɗauka a 2005, daga nan kulob-kulob na Meksiko suka riƙe shi ba fashi daga 2006 har 2021, sai a 2022 Seattle Sounders na Amurka ya karɓe.

A 2023 hukumar ta sake kafa gasannin shiyya biyu, ta ware wa Amurka ta Tsakiya gurbi 6, Karebiyan gurbi 3, daga cikin kulob 27 da suka shiga Kofin Zakaru na 2024. Alajuelense na Kosta Rika da Robinhood na Surinam su ne suka fara ɗaukar sababbin kofunan.