Hikimar Indiya a Bakin Mawaƙan Amurka

Ban da tsibirin Jamaika da kowa ya sani, akwai wata Jamaika, unguwa ce a gundumar Queens ta birnin New York. A can ne, cikin 1839, wani saurayi mai suna Walt Whitman ya yi aikin jera haruffa a maɗaba'ar jaridar Long Island Democrat. Daga baya ya zama jigo cikin mawaƙan Amurka, kuma har yanzu masana suna jayayya a kan ko daga rijiyar Indiya ya ɗebi ruwa.

Tushen maganar littattafai ne. A 1785 Charles Wilkins ya fassara Bhagavad Gita zuwa Turanci. Ralph Waldo Emerson ya karanta shi a 1845, ya kuma duƙufa kan littattafan Upanishad, waɗanda ke koyar da cewa ruhin mutum da ruhin da ya game dukan halitta abu guda ne. A kan wannan ya gina waƙarsa Brahma ta 1857.

Irin wannan ra'ayi ya cika littafin Whitman, Leaves of Grass, na 1855. Da Henry Thoreau ya ziyarce shi a Brooklyn a 1856, sai ya tambaye shi ko ya karanta littattafan Gabas, Whitman ya ce a'a. Amma da ya tsufa, ya lissafa tsofaffin waƙoƙin Hindu cikin abubuwan da ya karanta tun da wuri. Nan fa gardamar take: aro ya yi, ko kuwa tunani ne ya zo ɗaya?

Shi T. S. Eliot babu shakka a kansa, domin ya koyi harshen Sanskrit a Jami'ar Harvard, ya kuma rufe waƙarsa The Waste Land ta 1922 da kalmomin Upanishad.

Emerson da Whitman ba su taɓa taka ƙasar Indiya ba, a takarda suka san ta. Sai da dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa, sannan mabiya addinin Hindu suka yi yawa a Queens. Sri Chinmoy, mutumin Bengal, ya iso New York a 1964, ya zauna a Jamaika, ya rubuta dubban waƙoƙi da Turanci, a can kuma ya rasu a 2007. Hikimar da aka fara sani ta hanyar fassara, yanzu masu ita ne ke bayaninta da bakinsu.