Gidan Mai Fasaha Bayan Rasuwarsa: Tarihin Gonar MacDowell da Gidan Baldwin

Gabatarwa

Idan mashahurin marubuci ko makaɗi ya riga mu gidan gaskiya, gidansa yakan bi ɗaya daga hanyoyi uku: ko magada su raba, ko a mayar da shi gidan tarihi, ko kuwa a buɗe shi ga masu fasaha na baya su zauna su yi aiki. Wannan maƙala za ta duba hanya ta uku ta hanyar kwatanta gidaje biyu, ɗaya ya rayu ɗaya ya salwanta, domin a ga abin da ya raba su.

Gonar MacDowell

An haifi Edward MacDowell a birnin Niyu Yok a 1860, ya kuwa shahara wajen tsara kiɗa. A Jamus ya haɗu da Marian Nevins, wadda ta koyi kiɗan fiyano a hannunsa, suka yi aure a 1884. A 1896 suka mallaki wata gona a garin Peterborough, cikin jihar New Hampshire ta Amurka. Can cikin itatuwan gonar aka gina masa ɗan ɗaki na gungumen katako, inda yakan keɓe ya yi aikinsa ba mai damunsa. Ya lura cewa abin da ya tsara a wannan ɗaki ya fi na ko'ina, saboda haka ya yi burin wasu ma su sami irin wannan natsuwa.

Bayan 1904 ciwo ya kwantar da shi. Marian ba ta jira rasuwarsa ba. A 1907 ta sa hannu ta miƙa gonar ga wata ƙungiya da aka kafa da sunansa, watau gonar ta fita daga dukiyar da za a gada. A wannan shekara baƙi na farko suka sauka, wasu 'yan'uwa mata biyu, Helen Mears mai sassaƙa da Mary Mears marubuciya. Edward ya rasu a farkon 1908.

Mallakar wuri daban, ciyar da shi daban. Attajirai irin su Andrew Carnegie sun taimaka da farko, amma nauyin ya koma kan Marian. Ta shafe shekaru tana zagaya garuruwan Amurka, tana kaɗa kiɗan mijinta, tana yi wa jama'a bayani, kuɗin da aka tara kuma ta zuba a gonar. Ta rasu a 1956, tana da kusan shekara ɗari.

Tsarin zaman wurin mai sauƙi ne. Akwai ɗakunan aiki 32 warwatse cikin fili mai faɗin eka 450. Da rana akan kai wa kowa abincinsa cikin kwando a ajiye a bakin ƙofa, ba a ƙwanƙwasa masa. Da dare sai a haɗu a ci tare, makaɗi kusa da marubuci, marubuci kusa da mai zane. Kowane baƙo kuma yakan rubuta sunansa a kan allon katako da ke ɗakin da ya zauna. Daga cikin waɗanda suka sauka akwai Thornton Wilder da Aaron Copland da Alice Walker da James Baldwin.

Duk da haka wurin bai tsira daga ƙalubale ba. Hukumar garin Peterborough ta nemi a biya harajin fili, bisa hujjar cewa ba aikin agaji ake yi a wurin ba. A 2008 babbar kotun jihar ta yanke hukunci cewa aikin na amfanin jama'a ne, aka bar shi ba haraji.

Gidan Baldwin

James Baldwin, marubuci baƙar fata ɗan Amurka, ya ci moriyar gonar MacDowell tun daga 1954, har ma an sa wa ɗakin karatun wurin sunansa a 2018. Amma nasa gidan bai yi wannan sa'a ba. Daga wajen 1970 ya zauna a ƙauyen Saint-Paul-de-Vence a kudancin Faransa, cikin wani tsohon gida mai lambu, inda ya rubuta littattafansa na ƙarshe, ya kuma karɓi baƙi irin su Nina Simone da Miles Davis. A nan ya rasu a Disamba 1987.

Sai dai yana biyan kuɗin gidan ne kaɗan-kaɗan, mallakarsa ba ta tabbata a takarda ba. Bayan rasuwarsa aka yi doguwar shari'a, gidan ya fita daga hannun danginsa, daga bisani ya faɗa hannun masu gine-ginen kasuwanci. Aka rushe ɓangaren da yake rubutu a ciki. A 2016 masoyansa suka tashi neman kuɗin fansar wurin don ya zama masaukin marubuta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Gidajen alfarma aka gina a lambun.

Kammalawa

A yau sunan Baldwin ya fi na MacDowell tashe nesa ba kusa ba, amma gidan MacDowell ne ya rayu. Ashe ke nan shahara ba ta tsare gida, ƙaunar masoya ma ba ta isa ba. Abubuwa uku Marian ta tanada waɗanda gidan Baldwin ya rasa: tabbatacciyar takardar mallaka tun mai gidan yana raye, da ƙungiyar amintattu wadda ba ta mutuwa da mutuwar mutum ɗaya, da kuma hanyar samun kuɗi mai ɗorewa.

Mai karatu zai ga cewa wannan bai yi nisa da abin da malaman fiƙihu suke kira waƙafi ko hubusi ba, watau a tsare asalin dukiya, a sakar wa jama'a amfaninta. Duk mai son gidan wani mawaƙi ko marubuci ya zama wurin aikin na baya, to, tun da sauran rana ya kamata ya nemi shaidu da takarda, kafin ranar rabon gado ta zo.