RUWAN ƘARƘASHIN ƘASA: ME YA SA WATA RIJIYA TA FI WATA ZURFI?

Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Maganar tana da gaskiya, amma masu ginar rijiya sun san ba ko'ina take cika ba. A fadamar Korama mutum kan tarar da ruwa a gaba biyu ko uku. A kan tudun Adar kuwa, injin gina foraj yakan nutsa ɗaruruwan mitoci kafin ya kai ga ruwa mai yawa. Wannan bambanci ya samo asali daga irin ƙasa da dutsen da ke ƙarƙashin kowane gari.

Shin akwai kogi a ƙarƙashin ƙasa?

Mutane da yawa suna zaton rijiya tana faɗawa ne cikin wani kogi da ke gudana a ɓoye. A mafi yawan ƙasarmu ba haka abin yake ba. Ka cika ƙwarya da yashi, ka zuba mata ruwa. Ruwan zai ɓace wa idonka, alhali yana nan maƙale tsakanin ƙwayoyin yashin. In ka yi rami da yatsa, sai ka ga ya taru a ciki. Haka rijiya take. Ruwan sama yana nutsewa ta cikin yashi da tsakuwa har ya iske laka ko dutsen da ba ya barin shi wucewa, sai ya tsaya a nan. Tafiyarsa a ƙarƙashin ƙasa a hankali take ƙwarai, shi ya sa rijiyar da aka ƙafe da safe takan kai yamma kafin ta kawo.

Ina ne ruwa ke kusa, ina ne yake nesa?

Ruwa ya fi kusa a cikin kwari da tsofaffin hanyoyin ruwa waɗanda yashi ya cike, kamar Gulbin Maraɗi, Korama, kwarin Tarka, Dallol Mauri da Dallol Boso. A nan ne noman rani ya fi albarka, irin su albasa, rake da tumatir.

A yawancin jihohin Tawa, Doso da Maraɗi, ƙasa jere take hawa-hawa: yashi, laka, dutsen yashi, sannan wata lakar. Masana sun tabbatar da cewa teku ya taɓa rufe wannan yanki fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce. Shaidar tana nan a duwatsun Adar, inda ake tsintar ɓawon halittun teku da suka zama dutse. Irin wannan farin dutse ne ake sarrafawa a yi siminti a Malbaza. Ruwa yana da yawa a ƙarƙashin waɗannan hawa, sai dai a wasu wurare yana da nisa, kuma kai gare shi na cin kuɗi.

A birnin Damagaram da duwatsun Muniyo, da kuma yammacin kogin Kwara wajen Tera, ƙasar tana zaune kan dutse mai tauri wanda ake kira giranit. Wannan dutse ba shi da kafofin da ruwa zai zauna, sai inda ya tsage ko ya ruɓe. Don haka ana iya gina foraj biyu kusa da juna, ɗaya ya ba da ruwa, ɗaya ya fito busasshe. Wannan ne babban dalilin da ya sa ake janyo wa Damagaram ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya, da kuma Arunguza da Ganaram.

Ruwan ƙasa yana ƙarewa?

Amsar ta danganta da zurfinsa. Ruwan da ke kusa damina ce ke ciyar da shi kowace shekara. In an yi fari, kamar na 1973 da na 1984, sai rijiyoyin fadama su ja baya. Mai zurfi kuwa, yawancinsa ya sauka ne tun dubban shekaru, a zamanin da Sahara take da ciyawa da tabkuna. Abin da ake ɗiba daga cikinsa ba ya komawa da sauri. Kamar rumbun gado yake, wanda ake ci ba a zubawa.

Akwai wani abin mamaki a gabas da Yamai. Duk da ƙarancin ruwan sama, ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Dalili shi ne an sare daji an mai da shi gonaki, ƙasa ta yi tauri, ruwan sama ya riƙa kwarara zuwa tabkuna, daga nan yake nutsewa. Kada a ɗauki wannan a matsayin riba. Ruwan da ya sauka rijiya ya tafi da ƙasar noma, ya bar zaizaya a gonaki.

Ruwa mai haske duka lafiyayye ne?

A'a. Ruwa yana narkar da abin da ya tarar a cikin dutse. Shi ya sa wasu rijiyoyin Dallol Boso suke da ɗanɗanon kanwa, na Dallol Foga kuma gishiri. Waɗannan harshe yana gane su. Akwai kuma wanda ba shi da launi ko ɗanɗano. A garin Tibiri na jihar Maraɗi, foraj ɗin da aka buɗe a 1985 ya ba da ruwa mai ɗauke da sinadarin fulor fiye da kima. Yara masu yawa da suka girma suna shan sa haƙoransu sun rine, ƙasusuwansu sun lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada fulor ya wuce miligiram 1.5 a lita guda. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da fulor.

Abin da ya kamata gari ya yi

Kafin a tara kuɗin rijiya ko foraj, a tambayi dattawa da tsofaffin maginan rijiya inda aka taɓa samun ruwa da inda aka gaza. A je ma'aikatar ruwa ta gunduma a nemi bayanin zurfin foraj-foraj na kewaye. In gari yana kan dutse mai tauri, a nemi masana su auna ƙasa da na'ura su gano inda dutsen ya tsage. Bayan an samu ruwa, a kai shi a gwada kafin a fara sha. Inda ruwa ke kusa, a nisanta masai da turken dabbobi da rijiya da aƙalla mita 30, domin ƙazanta tana bin hanyar da ruwan sama ke bi.

Kwamitin rijiya ya ajiye littafi, ya riƙa rubuta zurfin ruwa sau biyu a shekara, a ƙarshen damina da tsakiyar bazara. Duk wanda ya koyi rubutu da lissafi zai iya wannan aiki da igiya mai alama. Bayan ƴan shekaru, littafin zai nuna wa gari ko ruwansa na ƙaruwa ko yana raguwa.