Wasa Farin Girki: Tarihin Motar Kara da ta Langalanga a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Idan kaka ta yi a ƙasar Tambuwal da Kebbe, aka yanke dawa aka kai ta rumbu, abin da ke saura a gona shi ne kara. Manya suna da amfanin da suke yi da shi: darni, rumfa, makamashi. Yara kuwa, tsawon shekaru masu yawa na ƙarni na 20, a cikin karan nan suke samo mota. Yaro zai zauna a gindin darni da reza ko guntun wuƙa, ya ɓare ɓawon kara ya fitar da totuwa, ya tsaga ɓawon siri-siri ya mai da shi ƙusoshi, ya soke wannan guntu da wancan. Kafin la'asar sai ga babbar mota mai kai da bodi, har da tsanin da yaron mota ke takawa ya hau sama.

Ba a rubuta tarihin wannan sana'a ta yara ba, domin ba a ɗauke ta sana'a ba. Amma duk wanda ya bi sawunta zai tarar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tarihin hanya, da na kasuwa, da na masana'antun Nijeriya. Zai kuma tarar da wata tambaya da ta shafi yau: me ya sa ƙasar da yaranta suka ƙware haka wajen ƙera mota da hannu ba ta yi musu hanyar da za su bi daga gindin darni zuwa ɗakin zane ba?

Kafin mota, doki

Tambuwal gari ne da ya kafu a kan doki. Ribaɗi ne na Daular Usmaniyya a ƙarni na 19, mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da zuriyarsa, a kusa da iyakar da ake gwabzawa da Kabawa. A irin wannan gari, abin da yaro ke gani ya yi sha'awa shi ne barde a kan ingarma. Saboda haka abin wasansa dokin kara ne: ya tanƙwara kan kara, ya ɗaura masa linzami na tsumma, ya hau ya yi sukuwa a tsakar unguwa. Da damina kuma ya kwaɓa laka ya gina shanu da raƙuma.

Ka'idar ba ta taɓa canzawa ba: yaro yana kwaikwayon abin da ya fi kwarjini a idon manyansa. Da mota ta karɓe wa doki da raƙumi wannan matsayi, sai kara ya bi ta.

Yadda motar ta zo kuwa yana da nasa dalili. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa kuma ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929. Bai ƙarasa Sakkwato ba, har yau kuwa bai ƙarasa ba. Don haka gyaɗa da auduga da fatu na wannan yanki, bayan jaki da raƙumi, sai babbar mota. Hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari, ta ratsa Tambuwal, ta nufi Jega da Yawuri da Kwantagora, ita ce ta zama ƙofar yankin zuwa kudu. Yaron Zariya ko na Kano ya tashi da kukan jirgin ƙasa a kunnensa. Na Tambuwal gurnanin babbar mota ya sani.

Kebbe, wadda ke gefe ba a kan wannan babbar hanya ba, motar ranar kasuwa ta fi sani, mai zuwa ta kwashi hatsi da dabbobi ta koma. Ga yaron ƙauye, tsayuwar irin wannan mota ita ce makarantarsa. Zai kewaye ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙirga tayoyin baya, ya lura da inda aka rataya safaya, sa'annan ya tafi da ita gida a cikin kansa.

Kayan aiki da dabara

Kowane zamani da kayan da ya ba yara. Na farko kara ne da sakaina: a feƙe fasasshiyar ƙwarya a kan dutse har ta zagaye, a huda tsakiyarta, ta zama taya. Motar kara ba ta da nauyi kuma ba ta da ƙarko. Takan yi kwanaki ta karye, a sake wata da ta fi ta. Wannan rauni nata shi ne ƙarfinta, domin yaron da ya ƙera mota goma a kaka ɗaya ya gyara kuskurensa sau goma.

Na biyu shi ne langalanga, wato siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar kaya da shi. Ciniki ne ya kawo shi: duk inda aka kwance dila a kasuwa ko a tasha, yara na jiran abin da za a yar. Langalanga ya kawo abin da kara ba zai iya ba. Yana tanƙwaruwa ya tsaya yadda aka sa shi, yana kuma da tsalle, saboda haka ana iya yi wa mota sifirin da zai sa ta riƙa rangaji a kan gargada kamar ta gaske. Tare da shi aka sami waya, da gwangwanin madara da na kifi, da marfin kwalba, da robar cikin tayar keke da ake yankawa a yi ɗauri, daga baya kuma tsohon silifa da ake yanke tayoyi daga jikinsa.

Babbar nasarar wannan zamani ita ce sitiyari. A maimakon a ja mota da zare, sai a haɗa doguwar waya daga tayoyin gaba har zuwa hannun yaro, a nannaɗe ƙarshenta ya zama zobe. Yana tafe a tsaye yana tura motar, in ya murɗa hannu tayoyin gaba su karkata. Wanda ya iya wannan ya warware da kansa, ba tare da littafi ba, matsalar da injiniyoyi ke koyo a aji: yadda ake mayar da juyin hannu ya zama karkatar taya.

Sai ado, wanda a nan ake gane gwani. Madubi na guntun gwangwani mai sheƙi, fitilu na marfin kwalba, tamfol na tsumma, labulen taya na roba, lamba a gaba da baya, da rubutu a goshin mota. Ba daga iska yara suka ɗauko wannan ba. Babbar motar wancan lokaci ita ma rabinta aikin hannu ce. Kai da inji da ƙashinta ake shigowa da su daga waje, irin su Bedford ta Ingila da Marsandi 911 ta Jamus, kafintocin gida su gina mata bodin katako, masu fenti su ƙawata ta da zane da karin magana. Yaron yana kwaikwayon abin da ya ga hannun mutum ya yi, don haka bai taɓa ɗaukar mota a matsayin abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Yadda abin ya kasance a wasu ƙasashe

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan wasa ba. A Malawi ana kiran motar waya galimoto, a Afirka ta Kudu kuma draadkar. Sai dai a Turai da Amurka abin ya bi wata hanya dabam: ya zama masana'anta. Kamfanin Meccano na Frank Hornby da ke Libaful ya fara sayar da ƙananan motocin ƙarfe da sunan Dinky Toys a 1934. Matchbox ta biyo baya a 1953, Corgi a 1956, sai Hot Wheels ta Amurka a 1968. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka sami motocin roba da ake sayarwa guntu-guntu a kwali, mai sha'awa ya haɗa da gam, ya goge, ya yi fenti da kansa. Kamfanoni irin su Revell da Tamiya ta Japan sun shahara da wannan. A can manya ne suka fi riƙe abin, har suna da ƙungiyoyi da gasa.

Ginshiƙin wannan sha'awa shi ne ma'auni. Idan aka ce mota 1:43 ce, ana nufin kowane santimita ɗaya a jikinta yana wakiltar santimita 43 a jikin ta gaske. Fijo 504, mai tsawon kusan mita huɗu da rabi, za ta dawo santimita 10 da 'yan kai. A ma'aunin 1:24 kuwa kusan santimita 19. Bature yana farawa da lissafi, sa'annan ya nemi kayan da za su dace da shi. Yaron Tambuwal da taya yake farawa: girman gwangwani ko sakainar da ya samu shi ne zai yanke tsawon bodi da tsayin kai, sauran kuma ido ne zai auna. In ya kuskure, 'yan'uwansa za su faɗa masa nan take cewa motarsa ba ta yi kama ba. Wannan ma ma'auni ne, illa dai ba a rubuce yake ba.

Babban bambancin yana ga abin da manya suka yi da wasan. Daga 1930 zuwa 1968, kamfanin General Motors ya ɗauki nauyin wata gasa ta samari mai suna Fisher Body Craftsman's Guild. Da farko ƙaramin keken doki ake ƙerawa, daga baya aka koma ƙaramar mota wadda yaro zai zana ya sassaƙa da kansa. Kyautar kuwa kuɗin karatun jami'a ce. Chuck Jordan, wanda ya ci gasar a 1947, shi ne ya zama shugaban sashen zane na kamfanin daga 1986 zuwa 1992. Ba sadaka kamfanin ya yi ba. Tun zamanin Harley Earl, wanda ya kafa wannan sashe a 1927, sabuwar mota takan fara ne a matsayin samfurin da aka gina da laka ta musamman kafin a taɓa ƙarfe. Kamfanin ya san cewa yaron da ya iya ƙaramar mota shi ne ma'aikacin da zai buƙata gobe.

Hanyar da ba a ƙarasa ba

Nijeriya ta sami tata damar. Da kuɗin man fetur na shekarun 1970 aka kafa masana'antun haɗa motoci: Fijo a Kaduna da Volkswagen a Legas a 1975, sai na manyan motoci a Kano da Bauchi da Ibadan da Inugu. Amma haɗawa ake yi, zanen yana can Faransa da Jamus da Italiya. Masana'antun suna neman mai ɗaure noti, ba mai ƙirƙirar siffa ba. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya shigar da darasin fasaha a ƙananan sakandare, sai dai a makarantu da yawa injinan da aka sayo sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. A gida kuma, sau da yawa motar langalanga shiririta ce mai hana yaro karatu da aike. Gwanin unguwa in ya yi sa'a ya zama makanike ko mai walda ko kafinta, sana'o'i masu daraja, amma ba su ne iyakar abin da hannunsa zai iya ba.

Daga nan kayan aikin ma suka fara ɓacewa. Igiyar roba ta maye gurbin langalanga a jikin dila. Tun daga shekarun 1990 madarar leda ta rage gwangwani a bola. 'Yan gwangwan suna saye duk wani ƙarfe da aka yar. Motar roba ta Sin mai araha ta cika kasuwa, wayar hannu kuma ta cinye lokacin da a da ake ɓatarwa a gindin darni. Har yanzu akan ga motar kara da ta gwangwani a ƙauyuka, amma a gari ta ja baya ƙwarai.

Shaidar abin da zai iya yiwuwa daga wannan ƙasa ta fito. Jelani Aliyu, wanda asalinsa Dogon Daji ne a ƙaramar hukumar Tambuwal, an haife shi a 1966, ya yi sakandare a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi. Tun yana yaro zanen mota ne abin sha'awarsa. Tallafin karatu na jihar Sakkwato ya kai shi College for Creative Studies a birnin Detroit, ya kammala a 1994, General Motors ta ɗauke shi aiki. Shi ne ya zana siffar samfurin Chevrolet Volt, motar lantarki da aka nuna wa duniya a watan Janairun 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya.

Akan ba da labarinsa a matsayin abin alfahari, kuma ya cancanta. Amma in an duba da kyau, abin da ya raba shi da dubban yaran da suka tashi da irin sha'awarsa abubuwa ne da ake iya lissafawa: makarantar da ta koyar da zane, tallafin da ya biya kuɗin karatu, da masana'antar da ke jiran mai irin wannan baiwa. Biyun farko a gida ya same su. Na ukun sai da ya ƙetare teku.

Hausawa sun ce wasa farin girki. Yarinyar da ke dafa ƙasa a gwangwani, akwai ranar da za a miƙa mata tukunya da muciya. Yaron da ya ƙera mota da kara a Kebbe ko Tambuwal ya yi nasa farin girkin tun tuni, kaka bayan kaka, kuma ya yi shi da kyau. Abin da ya rage shi ne a miƙa masa tukunya.